Shekara Bakwai Ana Koya Mana Ingilishi, Har Yau Kunnenmu Bai Buɗe Ba



A watan Maris na 2025 aka sa hannu kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. A cikin watan nan dai Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da aka aza harsashinta nan Yamai a 1970. An yi ta muhawara kan Hausa, an yi ta muhawara kan Faransanci, kowa ya tofa albarkacin bakinsa a rediyo da Facebook. Amma maganar Ingilishi ta wuce shiru kamar ba a rubuta ta ba. Ni kuwa ita ce ta tsaya mini a rai. Harshen aiki fa aka ce. To su wa za su yi aikin da shi? Ƙannenmu da ke fitowa daga lise da BAC a hannu, waɗanda in ka kunna musu labaran minti biyu cikin Ingilishi sai su bi ka da ido kamar ka yi musu yaren aljanu?

Mu yi lissafi, don kada a ce surutu ne kawai. Yaro yana fara Ingilishi a sizyam. Shekara 4 a kolej, shekara 3 a lise, bakwai ke nan in bai maimaita aji ba. Mu ɗauka awa 3 kacal yake samu a mako. Mu ɗauka kuma mako 25 kaɗai ake karatu na gaske a shekara, bayan an cire hutu, an cire yajin aiki, an cire makonnin da ake jiran a gama kafa azuzuwan zana bayan girbi. Awa 75 a shekara, sau bakwai, awa 525. Masu shirya jarrabawar Ingilishi ta Cambridge sun ƙiyasta cewa awa 350 zuwa 400 na koyarwa kan kai mai koyo matakin da zai kama jigon magana in an yi ta a fili kan abin da ya saba da shi, ya kuma karanta rubutun yau da kullum ya gane. Mu mun zarce wannan adadi ko da mummunan lissafi. Ke nan lokaci an ba da shi. Tambayar ita ce, me aka yi da shi?

Duk wanda ya zauna bencin CEG ya san amsa. Malam ya shigo, an miƙe an gaishe shi da jimlar nan guda da kowa ya haddace. Ya rubuta kwanan wata a allo, ya rubuta ƙa'idar nahawu, ya yi bayaninta da Faransanci. Yara uku-uku, huɗu-huɗu a tebur guda suna kwafewa cikin kaye. Sai jerin aikatau, go, went, gone, a rera shi kamar waƙa. Ranar dibuwar a cike gurbi, a juya jimla daga wannan siga zuwa waccan, a karɓi maki. A cikin awa guda, Ingilishin da ya shiga kunnen yaro a jere, magana mai ma'ana wadda ke da farko da ƙarshe, da ƙyar ya kai minti biyar. Ni kaina, a shekara bakwai ɗin da na yi, ban taɓa jin muryar wani mai Ingilishi cikin aji ba in ba ta malaminmu ba. Na zauna BEPC, na zauna BAC, babu inda aka kunna mini murya aka ce in saurara in amsa. An koya mana sunayen sassan mota ɗaya bayan ɗaya, ba a taɓa ba mu sitiyari ba.

Abin haushin shi ne, mu ƴan Nijar mun fi kowa sanin yadda ake koyon harshe. Ku dubi ƴan ci-rani. Mutum ya bar ƙauyensu wajen Madawa ko Tasawa, bai taɓa taka lakwal ba, ya tafi Ikko ko Kumasi. Kafin damina biyu ya dawo yana ciniki da Turancin buroka, yana faɗa da shi, yana ban dariya da shi. Bahaushen da ya sauka Yamai, wata nawa yake yi kafin ya fara cin kasuwa da Zabarmanci? Ga ƴan matan da ke fassara wa iyayensu fim ɗin Indiya tun kafin mai fassara ya buɗe baki. A makarantar allo ma, malam ne ke biyawa, yaro ya ji, ya maimaita, ya sake ji, kafin a zo maganar rubutu. Babu wanda aka zaunar aka ce ya haddace ƙa'ida kafin ya ji sauti. Masanin harshe na Amurka Stephen Krashen ya shahara ne da wannan magana guda: mutum yana mallakar harshe ta hanyar ji da karanta saƙon da yake ganewa, mai ɗan ɗara matakinsa kaɗan, kuma da yawa. Masana sun yi ta jayayya da shi kan wasu sassan ra'ayinsa, amma babu mai hankalin da ke musun cewa ba tare da ji da karatu mai yawa ba, harshe ba ya zama a kai. Abin da kakanninmu suka sani a kasuwa, shi ne makarantarmu ta mance.

Wani zai ce ai in yaro ya iya nahawu ya san kalmomi, ji zai zo da kansa. Wallahi ba ya zuwa. Ingilishi harshe ne da rubutunsa da furucinsa suka raba hanya tun ɗaruruwan shekaru. Ku dubi though da through da tough: ƙarshensu iri ɗaya a takarda, a baki kuwa kowace da nata sauti. Sannan mai Ingilishi ba ya furta kalmomi ɗaya-ɗaya kamar yadda malam ke jera su a allo. Yana danna wasu gaɓoɓi, yana haɗiye wasu, yana liƙa wutsiyar wannan kalma da kan waccan, har jimla mai kalma biyar ta fito kamar kalma guda. Yaron da ya san kalmar da ido kaɗai, in ta wuce ta kunnensa ba zai gane tsohuwar saniyarsa ba ce. Ƙari a kan haka, Ingilishin ba ɗaya ba ne. Na Ingila daban, na Amurka daban, na Najeriya da Ghana daban, na likitan Indiya daban, na injiniyan ƙasar Sin daban. Kunne gaɓa ce da ake horarwa, kamar ƙafar ɗan kokawa. In ba a horar da shi ba, ko ƙamus mutum ya haɗiye, kurma ne.

Ɓangaren karatu ma haka abin yake, sai dai shi an iya ɓoye shi. Kowa ya san dabarar da muke yi a jarrabawa. An ba ka rubutu, an ba ka tambayoyi. Ba ka karanta rubutun. Tambayar kake dubawa, ka tsinci kalma biyu a cikinta, ka bi layi-layi har ka ga inda suka fito, ka kwafe jimlar gaba ɗaya. Tambayoyin gaskiya ko ƙarya kuwa, canki-canka. Da haka mutum ke samun makin wucewa alhali in ka ce ya faɗa maka da Hausa me labarin ya ƙunsa, sai ya soma sosa ƙeya. Malam ya sani, mai gyaran takarda ya sani, insfekta ya sani. Ana dai rufa wa juna asiri, yaro ne ke fita tsirara.

Dalilin a bayyane yake. Binciken Paul Nation da abokan aikinsa ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu shi kaɗai ya gane shi cikin sauƙi, sai ya san kusan kalmomi 98 cikin kowane 100. Mu kuwa mukan ɗauko rubutu mai nauyi, kowane layi da baƙin kalmomi uku ko huɗu, mu dangwara wa ɗan katriyam, mu ce ya fahimta. Rubutu guda a mako, wani lokaci ma a allo aka kwafe shi don littafi bai isa ba. Wannan ba karatu ba ne, fasa dutse ne. Alhali kalmomi 2,000 da aka fi yawan amfani da su a Ingilishi su ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum, kuma hanyar da suke zama a kai ita ce yaro ya yi ta karo da su cikin labarai masu sauƙi, yau da gobe. An gwada wannan a ƙasar da ba ta fi mu gata ba. A farkon shekarun 1980, Warwick Elley da Francis Mangubhai suka kai littattafan labarai kimanin 250 azuzuwan makarantun karkara a tsibirin Fiji, inda Ingilishi ba harshen gida ba ne, aka bar yara suna karantawa kullum. Bayan wata takwas, ci gabansu a fahimtar karatu da ta sauraro ya ninka wanda aka saba gani. Ba a canza yaran ba, ba a kawo malamai daga Ingila ba. Littattafai aka zuba musu, aka ba su lokaci.

To wa wannan sakaci yake cuta? Ba ɗan minista ba dai, ba ɗan babban ɗan kasuwa ba. Su an sa su makarantun kuɗi masu harshe biyu, ga intanet a gida, in hutu ya zo a tura su Accra su goge baki. Wanda ake cuta shi ne ɗan manomin Dakwaro da ƴar mai tuyar ƙosai ta Damagaram, waɗanda ba su da wani Ingilishi sai wanda gomnati ta yi alkawarin ba su a aji. Ranar da aka buɗe guraben karatu a Indiya ko Malesiya ko wata jami'ar da ke koyarwa da Ingilishi, aka ce a kawo sakamakon TOEFL ko IELTS, jarrabawar da kowacensu ke da sashen sauraro da sashen karatu, ka san wanda zai tafi. Ranar da ƙungiyar agaji ko kamfanin mai suka nemi ma'aikaci mai jin Ingilishi, ka san wanda za a ɗauka. Ba a rubuta wariya a doka ba, amma ga ta nan tana aiki. In aka ayyana harshe a matsayin harshen aiki, aka bar koyonsa ga mai kuɗi, to an ƙara wa talaka katanga ne a ƙofar ofis.

Kuma maganar ta wuce neman aikin ofis. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500. Kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa da Ƙonni da Magarya, takardunsu da Ingilishi suke. Maganin ƙwari da na ciyawa da manomanmu ke saye a kasuwa, gargaɗin da ke jikin galan ɗin da Ingilishi yake: nawa za a zuba, kwana nawa za a jira kafin a ci amfanin, me za a yi in ya taɓa ido. Magungunan da ke fitowa daga Indiya da Najeriya, ƴar takardar da ke cikin kwalin sau da yawa da Ingilishi take. A gidan da ke da ɗan lise, shi ake miƙa wa a ce karanta mana. In ya kasa, ko ya yi canki-canka irin na jarrabawa don kada ya ji kunya, wa zai ɗauki alhakin abin da ya biyo baya? Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ga matatar mai ta Damagaram da ke aiki tun 2011, ga bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Kwangiloli, littattafan injuna, horon ma'aikata, da wane harshe ake zaton za a yi yawancinsu?

Na san abin da wasu ƴan uwa a cikin gwagwarmaya za su ce: mun yi gudun gara mu faɗa zago? Mun rabu da harshen wani Bature, mu rungumi na wani? Ina girmama wannan damuwa, amma a duba da kyau. Abin da ya sa Faransanci ya zame mana sarƙa shi ne an hana yaro harshen uwarsa, an rataya masa alamar kunya a wuya in ya yi Hausa ko Zabarmanci a farfajiyar lakwal, an nuna masa cewa ilimi ba ya shiga sai ta baki guda. Harshen da ka koya bisa zaɓinka, kana tsaye kan naka, makami ne a hannunka. Mai ƴanci shi ne wanda ke karanta kwangila da idonsa, ya ji abin da ake faɗa a teburin ciniki da kunnensa. Wanda ke jiran tafinta, ko ya kori sojan baƙo daga ƙasarsa, har yanzu a hannun wani yake.

Wasu kuma su ce ai Hausa ta wadatar, daga nan har Kano ba ka buƙatar kowa. Gaskiya ne a kasuwar Kwari da Dawanau. Amma ka shiga banki, ka shiga kwastan, ka shiga kotu, ka shiga jami'a a Zariya ko Sakkwato, ka gani. Ƴan uwanmu na can da Hausa suke hira, da Ingilishi suke sa hannu.

Sai babbar hujjar da ake rufe bakin kowa da ita: babu kuɗi, babu wuta. Haba jama'a! Ƙasar da aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo tun 1962, ƙasar da ta fara koyar da yara ta talabijin tun 1964 lokacin da ƙasashe da dama ba su yi mafarkin haka ba, ita ce yau za ta ce ba ta iya kai murya cikin aji? Ƙasar Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana har babbar jami'armu ke ɗauke da sunansa, ita ce za ta kasa cajin ƴar sifika? Wannan sifika mai cin katin memori, wadda mai shayi ke da ita, ɗan kabu-kabu ke da ita, mai tallan maganin gargajiya ke yawo da ita a kasuwa, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. Katin memori guda zai ɗauke darussan sauraro na shekara bakwai ɗin nan duka, har da saura. Waƙoƙi da wa'azi da finafinai suna isa ƙauyen da ba shi da eriya, ta Bluetooth da Xender, hannu zuwa hannu. Kenya ta koyar da Ingilishi ta rediyo a makarantun karkara tun farkon shekarun 1980, darasin rabin awa a kullum. Mu muna da Muryar Sahel, ga gidajen rediyo masu zaman kansu, ga rediyon karkara birjik. Kayan aiki suna nan. Niyya ce babu.

Ba kuma zan yarda a jibge laifin a kan malamai ba. Da yawansu ƴan kwantaragi ne, ɗan abin da ake ba su a wata bai taka kara ya karya ba, shi ma yakan makara. Su ma haka aka koya musu, allo da kaye. An ba su manhaja mai tsawo an ce su gama ta kafin jarrabawa, jarrabawar kuwa nahawu take tambaya. Malamin da ya ɓata minti 15 yana sa yara sauraro, a idon tsarin nan ya yi asarar lokaci. Akwai jarumai a cikinsu da ke sayen sifika da kuɗin aljihunsu, suna buɗe kulob ɗin Ingilishi ranar da ba karatu, ba wanda ya ce musu sannu. Shekaru da dama mun jingina da baƙi: ƴan sa-kai na Peace Corps sun fara zuwa ƙasar nan a 1962 a matsayin malaman Ingilishi, suka tattara suka tafi a 2011. Baƙo raɓa ne. Namu malaman su ne za su zauna, su ya kamata a riƙa.

Akwai wani nauyi da muke ɗora wa yaro ba gaira ba dalili. Yana tunani da Hausa, ana yi masa bayanin Ingilishi da Faransancin da shi ma bai zauna masa ba. Jaki guda, kaya uku. Tunda kundi ya ɗaga darajar harsunanmu, me zai hana malam ya yi gajeren bayani da harshen da yaran ke ji, ya koma Ingilishi? Kunnen Bahaushe ma yana da wata baiwa da ba a amfani da ita. Mu da ke bambanta gari na zama da gari na tuwo ta tsawon wasali, ba za mu sha wuyar bambanta ship da sheep ba in an nuna mana ta nan. Kuma Hausa cike take da kalmomin da ta aro daga Ingilishi, yaranmu na jin su kullum a finafinan Kano: bokiti, tebur, asibiti, makaniki, direba, burki. Gada ce a shimfiɗe, mun bar ta muna zagaye ta Faris.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, da murya ɗaya.

Na farko, a sa sauraro cikin jarrabawar BEPC da BAC, da makinsa na kansa. Wannan shi ne mabuɗi. Abin da jarrabawa ke tambaya shi malam ke koyarwa, shi ɗalibi ke bita, shi uba ke biya wa kuɗin darasin gida. A ba da sanarwa da wuri, a fara gwaji a wasu cibiyoyi, sannan a game ƙasa.

Na biyu, kowane darasin Ingilishi ya ƙunshi aƙalla minti 15 na sauraro, kowace makaranta ta sami sifika da katin memori da ɗan faifan sola. Sassan Ingilishi na jami'o'inmu da makarantar horon malamai su naɗi muryoyin, da labaran da suka shafi rayuwarmu: kasuwar Maraɗi, albasar Galmi, kokawar takobi, bikin Bianu na Agadas, a haɗa da muryoyin ƴan Najeriya da Ghana da Ingila da Amurka don kunne ya saba da kowa.

Na uku, akwatin littattafai a kowane aji, ƙananan labarai masu sauƙi da aka jera mataki-mataki, da awa guda a mako ta karatun shiru, babu maki, babu bulala. Ba sai an jira jirgi daga Turai ba. Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da ɗimbin labarai kyauta, da Ingilishi har da Hausa, an kuma yarda a buga su a raba.

Na huɗu, gidajen rediyo su ware minti 20 da yamma don darasin sauraro, a maimaita shi ƙarshen mako. In ana samun fili don gaishe-gaishe da tallan ƴan siyasa, a samu don ƴaƴan masu sauraro.

Na biyar, a horar da malamai kan koyar da sauraro da karatu, a biya su haƙƙinsu kan kari. Ƙungiyoyin malamai da USN su sa wannan cikin jerin buƙatunsu. Ingancin abin da ake koyarwa ma haƙƙi ne, kamar alawus da abinci.

Ku kuma ƙannena ƴan kolej da lise, kada ku zauna jiran sa hannun minista, shekarunku ba sa jira. Wayar da ke hannunku ko ta yayanku ta isa. In an samu mega, a sauke shirye-shiryen koyon Ingilishi na BBC, ko na Muryar Amurka waɗanda aka fara yin su a 1959 da magana a hankali da kalmomi kimanin 1,500, mutum guda ya sauke ya tura wa goma. Ku zaɓi guntu na minti biyu ko uku. Ji na farko, kada ku dubi rubutu, ku nemi abu uku kawai: wa ke magana, a ina, kan me. Ji na biyu, ku tsinci lambobi da sunaye da dalilai. Ji na uku, ku bi da rubutun a gabanku, ku ja layi a inda kunne ya yaudare ku, don nan ne darasin yake. Sannan ku bi mai maganar da baki, jimla-jimla, kamar ana biya muku allo. A ƙarshe ku rufe komai ku ba wani labarin da Hausa. In kun iya ba da shi, kun gane. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Wajen karatu, ku sauke girman kai ku fara da mai sauƙi, ko da na yara ne. In kuka ga kusan kowane layi da kalmar da ba ku sani ba, littafin ya fi ƙarfinku yanzu, ku ajiye shi ku ɗauki wani. Kada ku buɗe ƙamus a kowace kalma. Ku wuce, ku yi hasashe daga abin da ke kewaye da ita, in ta dawo sau uku tana tare muku hanya sannan ku nemo ta. Kuma fadar nan da muke kwana muna shan shayi muna gardamar ƙwallo, me zai hana dare ɗaya a mako ta zama ta sauraro? Mu da muka gama jami'a muna zaman jiran aiki, ga aiki nan a ƙofar gida. Kowa ya ɗauki yara goma na unguwarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyaye, ku ma da naku. In an kira taron COGES, ku je, ku yi tambaya guda: a wannan makaranta, yaranmu suna jin Ingilishi da kunnensu ko kwafe shi kawai suke yi? In an ce babu sifika, ku tambayi nawa take, ku ga ko kuɗin da ake tarawa ba su isa ba. Da yamma kuma ku ce wa yaro ya karanta muku abin da ke jikin kwalin magani ya fassara. Ba sai kun iya harshen ba za ku gane ko yana ganewa ko yana lalube.

An rubuta a kundi cewa Ingilishi harshen aiki ne. Mun ji, mun kuma riƙe masu rubutun da maganarsu. In da gaske ake, a fara daga ajin sizyam na ƙauyen da ya fi kowane nisa, a kunna wa yaro murya ya ji, a miƙa masa littafi ya karanta. In kuwa an bar abin yadda yake, nan da shekara goma za mu tarar ƴaƴan da suka gaji kujerun Faransanci su ne dai suka gaji na Ingilishi, sauran kuma suna bakin ƙofa riƙe da takardar shaidar harshen da ba su ji.

Malaman Ingilishi da ke cikin wannan shafi, ku faɗa mana halin da kuke ciki a makarantunku, da abin da kuka gwada ya yi aiki. Sauran ƴan uwa ku tura wannan rubutu ga duk wani darakta, insfekta ko mai gidan rediyo da kuka sani. Allah ya buɗa wa yaranmu kunne da basira, Allah ya taimaki Nijar da ƴan Nijar.